Irin Albasar Inna

Daga Alelu, ranar Laraba

Zuwa ga autata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗiyarta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a ɗakinki na Kuberi, ya tsare hanyar da za a bi da ke, ya sa ki shiga gidan mutane da ƙafar dama. Na san ranar da za a ɗauke ki gidan nan zai cika da mata da guɗa, ni kuma kin san halina, in na buɗe baki kuka ne zai riga magana fitowa. Shi ya sa na zauna tun yau na rubuta, na cusa takardar cikin kayanki.

A cikin ƙaramar tukunyarki, wadda na ɗaure murfinta da tsumma, akwai wani ɗan gora. Kada ki bari masu jere su ɗauka tarkace ne su jefar. Irin albasar Inna ne a ciki, kakarki wadda kika ci sunanta, wadda saboda ita har yau bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba. Abin da ke cikin goran nan shi kaɗai ya rage, kuma ya tsufa. Irin albasa ba kamar gero ba ne da zai yi shekaru a rumbu. Da ya wuce shekara guda sai ya fara mutuwa, wannan kuwa shekararsa ɗaya da rabi. In ba a yafa shi kafin ruwan bana ya ɗauke ba, an gama. Laifina ne ya kai haka, kuma zan gaya miki yadda aka yi, amma sai na faro daga farko.

Ke kin san Inna da furfura, tana zaune bakin ɗaki tana ɓare muku gyaɗa tana kiranki takwara. Ni na san ta da ƙarfinta. Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Jega Sabon Gari, ɗiyar mahauci, na gama firamare, ina da takalmi ƙafa biyu, ji nake kamar an kawo wa ƙauye fitila. Matar da na tarar kuwa, kafin in gama shafa mai ta yi surfe, ta ba awaki dusa, ta dama fura, ta kai wa maza gona, daga can ta gangara 'yar fadamarta. 'Ya'ya bakwai ta haifa, ta binne biyu, kuma ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Abin da take cewa kawai shi ne bari ta ɗan ba ƙafarta haƙƙinta, sai ta zauna kamar minti biyar ta miƙe.

Albasarta daban take. Ja ce sosai, wuyanta siriri, ɓawonta a manne. Ana cire ta da bazara a zuba a rudu, wato ɗan gadon karan nan mai rufin ciyawa, ta ratsa damina gaba ɗaya ba ta ruɓe ba. Dillalan Aliero in sun gan ta ba sa tambayar daga ina take. Daga uwarta ta gaji irin, kuma kowace shekara aiki biyu take yi. Tana yafa iri ya zama albasa. Sannan cikin albasar nan tana zaɓar waɗanda suka fi kyau, ta matsa wuyan kowace da babban yatsa, ta ware su a ƙaramin rudu na bayan ɗakinta. Su take kira uwaye. In damina ta wuce sai ta mayar da su ƙasa, su yi fure, su ba da sabon iri.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi. Hannun Inna kullum warin albasa yake, ni kuwa 'yar birni sai na riƙa ƙyamar furar da ta dama. In ta miƙo mini in karɓa da ladabi, in ta juya baya in zuba wa kaji. Wai ni nan wayo! Kwana huɗu sai ta kira ni ta ce ta ji labarin matan Jega sun iya damu, daga yau ni ce mai dama furar gidan nan. Na yi ta fankama an san darajata. Sai da na shekara goma na gane ta ga kajin ne, kuma ta fi son in ci in ƙoshi da a ce ta ji daɗin tona ni. Uwani, gidan da za ki shiga manoma ne. Za ki ji warin taki, za ki ga faso a ƙafar uwar mijinki. Kada ki yatsine fuska. Wannan hannun shi ya ciyar da mutumin da kika ce kina so.

Na biyun shi ne babba, kuma ko babanku bai san shi ba sai bara.

A shekarata ta biyu gulbi ya yi ambaliya a ƙarshen damina, bayan Inna ta yafa duk irinta. Ruwa ya kwana uku a kan fadama, ko tsinke bai bari ba. Abin da ya rage mata a duniya uwayen nan ne na ƙaramin rudu, kwando guda, tana jiran ƙasa ta tsane ta dasa su. Ni ban san wannan lissafin ba, don ban taɓa tambaya ba. Ina ganin tambayar aikin gona zubar da aji ne. A lokacin albasa ta yi wuya ko'ina, sai ga ƙanena ya zo daga Jega yana cewa Baba na fama, balangu ba albasa masu saye na ta ƙorafi. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, maza suna gona. Sai na ce a raina, ga albasa jibge a bayan ɗaki ba mai ci, bari in nuna wa gidanmu cewa ni ma ina da faɗa a gidan miji. Na juye kwandon kaf a buhu na aika.

Da la'asar Inna ta dawo. Ta zagaya bayan ɗakinta, ta daɗe ba ta fito ba. Da na leƙa na gan ta durƙushe gaban rudun, ta zura hannu ciki tana lalube, kamar albasa za ta ɓuya a tsakanin kara. Kakanku ya shigo, ya ji abin da ya faru, ya fara salati, yana cewa irin gidan nan ya ƙare. A nan ne na fahimci abin da na yi. Ya juyo ya tambaye ni, tunda ni kaɗai na yini a gida. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce jar akuyar Inna na gani tana zagaya wurin ba.

Ki duba wautar. Wace akuya ce za ta cinye kwandon albasa ba ta bar ko ɓawo ba? Amma kakanku mutum ne mai zafi, bai tsaya tunani ba, ya rantse akuyar ba za ta wuce ranar kasuwa mai zuwa a gidansa ba. Akuyar nan kuwa Inna ta rene ta tun tana 'yar ƙarama, biyu biyu take haihuwa, in Inna za ta fadama har bakin hanya take raka ta. Washegari Baba ya aiko da balangu a takarda, da yankakkiyar albasa a kai, wai tukwicin alheri. Na raba wa kowa. Inna ta ci nata ta yi godiya. Ranar kasuwar Jega aka ja akuyar aka tafi da ita, Inna na tsaye bakin zaure tana kallo.

Bayan kwana biyu ta ce in shirya in raka ta unguwa, in ɗauko kwando. Muka fita bayan sallar asuba, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa cikin taɓo, har Kuberi, garin nan da za a kai ki. Akwai wata ƙawarta ta ƙuruciya, Ige, da aka aurar can. Ashe ranar da za a kai Ige ɗakin miji, sauran ƙawaye sun ba ta kwano da zane, Inna kuwa ɗan ƙullin iri ta ba ta, har aka yi mata dariya. Ige ba ta taɓa barin irin ya mutu ba. Da Inna ta gaya mata ruwa ya ci irin da ta yafa kuma uwaye sun salwanta, Ige ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta kai mu rudunta, ta raba uwayenta gida biyu, ta ce Inna ta zaɓa. Suka zauna suna matsa wuyan albasa suna tsokanar juna kan samarin da suka mutu tuntuni, ni ina gefe kunya kamar ta kashe ni.

A hanyar dawowa ni na ɗauki kwandon. Inna na bayana tana cewa, "Sannu sannu, ɗiyar Jega, uwaye na kika ɗauko." Tun a hanyar ta fara koya mini. Ta nuna mini wadda ake zaɓa da wadda ake kai wa miya. Da muka dasa ta sa ni ban ruwa. Da suka yi fure fari fat, ta hana kowa fesa magani a kusa, ta ce ƙudan zuma ma'aikatanta ne, ba a korar ma'aikaci. Ta koya mini yanke kawunan da sassafe kafin rana ta sa su zube, da shanya su a tabarma, da murza su a tafin hannu, da sheƙewa a faifai. Ta nuna mini yadda ake zuba su a gora da ɗan toka a rataye inda iska ke ratsawa. Kafin shekara ta zagayo hannuna ya fi nata wari, kuma na daina damuwa.

Shekara talatin da wani abu muka yi tare a fadamar nan. Ita ta karɓi haihuwarku duka. Ita ta goya yayanki lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Kowace bazara in an gama sheƙe iri, sai ta ƙulla shi a tsummoki ta riƙa rabo. Amarya in za ta tafi, ƙulli ɗaya. Wadda ruwa ya yi wa ɓarna, ƙulli ɗaya. Ni ina ta mita cewa muna wahala wasu na kwasa a banza, ita kuwa sai ta ce ajiya take kaiwa. Duk tsawon shekarun nan maganar akuya na nan a maƙogwarona. Sau nawa na buɗe baki in faɗa, sai in ce bari sai gobe.

Kin tuna ciwonta na ƙarshe, kina makaranta lokacin. Mun gama sheƙe iri ke nan ta kwanta. Wata ranar Litinin da hantsi ina goge mata jiki, na ga yadda hannun nan ya zama ƙashi da fata, na san in ban faɗa yau ba, sai a gaban Allah. Na durƙusa na ce Inna ki gafarce ni, ba akuya ba ce, ni ce. Sai matar nan ta fara dariya, har tari ya sarƙe ta na ba ta ruwa.

Ta ce, "Ke dai, ɗiyar Jega. Randa babanki ya aiko balangu, yanka guda nis sa baki nis san ɗiyata ta. Wa zai ba ni albasata in kasa gane ta?"

Na ce to don me ta bari aka sayar da akuyar, alhali ta san gaskiya.

Ta ce, "Akuya ana samun wata a kasuwa. Da na hwaɗi, ko a maishe ki gida, ko ki zamna nan kina sunkuyar da kai har ki tsuhwa. Ni ko mai riƙe min iri nike biɗa."

Na yi kuka ranar har idona ya kumbura, ita kuma tana ce mini in tashi in duba tukunya kada tuwo ya kama. Bayan kwana tara ta cika. Ina sonta, Uwani, fiye da yadda na iya nuna mata, kuma ban taɓa ganin mace irinta ba. In kin yi ɓarna a gidan mijinki, ko kofi kika fasa, ki faɗa da bakinki kafin a tambaya. Ba kowace uwar miji ce za ta ba da akuyarta don ta rufa miki asiri ba, kuma ko an rufa, ke ce za ki yi ta ɗaukar abin shekara talatin.

Yanzu ga kuskure na uku, wanda ya fi ci mini rai, don na farko da na biyu yarinya ce ta yi su, wannan kuwa tsohuwa ce mai jikoki. Bayan rasuwar Inna sai na kasa taka fadamar. In na doshi hanyar sai ƙafata ta ƙi. Na kasa zagayawa bayan ɗakinta ma, uwayen da muka zaɓa tare suka yi damina ba mai juya su, rufin ya yi yoyo, suka ruɓe. Da lokacin yafa iri ya zo na ce bana dai a bar ni, baɗi na yi. Yayyenki da suka ga wurin a zaune sai suka sa injin ban ruwa suka mai da shi shinkafa, kuma ban ga laifinsu ba, iyali gare su.

A cikin wannan halin Asabe maƙwabciyarmu ta shigo, ta ce nata irin ya lalace, in ɗan sam mata na Inna. Ki ji ni da baki, wai abin da Inna ta taɓa da hannunta na ƙarshe ba zan raba ba. Asabe ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta fita. Ni kuma don tsananin so, na sauke goran daga inda Inna ta rataye shi, na juye irin a robar da ke da murfi, na kulle a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, a ɗakin kwano, cikin zafin nan namu. Ina ganin adana shi nake yi, ashe dafa shi nake yi. Matar da ta nuna mini da ƙafarta cewa irin da ka bayar shi ne ke dawo maka, ni ce na kulle nata da kwaɗo.

Da hankalina ya dawo bana, na bi gidajen da take kai wa ƙulli. Wasu sun koma irin gwangwani na kanti, wasu sun gauraya shi da wani har ba a gane shi. Na aika Kuberi, aka ce Ige ta daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun bar albasa. Na cire kunya na tafi wajen Asabe da ƙulli a hannu, na tarar ɗanta ya ɗauke ta ta koma Jega, ta bar noma. Da na ba ta a lokacin da ta roƙa, da yanzu uwaye na nan a rudunta. Makon jiya na ɗebi ƙwaya ashirin na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, kamar yadda Inna ke gwadawa. Shida suka tsiro. Na zauna ina kallon 'yan fararen jijiyoyin nan shida kamar na ga jarirai.

To ga shi na mayar da shi goransa na ba ki, ban rage ko ƙwaya ba. Bayana ba ya sunkuyo yanzu, kuma ba ni da ƙasar da zan zuba shi. Na yi magana da maigidanki ranar da suka zo gaisuwa, ya ce akwai rijiya a lambunsa, zai ware miki fangali biyu. Yaron kirki ne, bai yi dariya ba. Kada ki ce sai kin gama amarci, iri bai san amarci ba. Cikin makon nan ki yafa shi, ki yafa da kauri tunda fiye da rabi ya mutu, ki rufe da ciyawa, ki yi ban ruwa safe da yamma da hannu mai sauƙi. In ya kai tsawon yatsa da rabi ki dasa. In kin cire da bazara, ko baƙi sun cika gidan, ko sarkin garin ne ya zo, kada ki yanka ko ɗaya a miya kafin ki zaɓi uwaye. Ki duba su duk mako da damina. Kin sha ganin muna yi, hannunki ya sani ko da kanki ya manta.

In Allah ya sa suka yi fure, kada ki yi irin tawa. Ki ƙulla ki kai gida uku ko huɗu. Ki nemi jikokin Ige ki fara da su, ki gaya musu daga inda ya fito. In uwar mijinki ta nuna sha'awa, ki ba ta ta zaɓa da kanta.

Bazara ta biyu daga yanzu, in da rai da lafiya, zan zo Kuberi. Ba mota zan ce a aiko mini ba, zan zo yadda muka zo da Inna, da goran da ba komai a ciki, in yi sallama a ƙofarki in roƙa kamar kowa. In kin cika mini shi, zan sa ƙwaya ɗaya a tafin hannu in yi wa kakarki addu'a a tsakar gidanki. In kuma bai tsiro ba, in ya mutu a ƙasa, ki dube ni ki gaya mini haka nan, ba zan ga laifinki ba don ni na tsufar da shi. Abu ɗaya dai, Uwani, kada ki ce mini akuya ce.

Babanku yana sa miki albarka, yayyenki da matansu suna gaishe ki. Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya tsare ki daga sharrin baki da na zuciya, ya haɗa kanki da mutanen gidanki. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa hannunki ya gaji nata. Amin.

Wassalam,
Mahaifiyarki